Jini Biyu da Agogo: Yadda Muke Auna Turofonin a Zariya

Abu na farko da nake rubutawa a takardar mai ciwon ƙirji, tun kafin in ɓare allura daga ledarta, shi ne lokacin da ciwon ya fara. Mutanenmu ba kasafai suke duba agogo ba idan ciwo ya kama su, amma lokutan salla suna nan a kansu daram. Saboda haka tambayar da ta fi ba da amsa ita ce: kafin Azahar ne ko bayanta? An idar ko ana cikin sahu? Duk wata lamba da na'ura za ta fitar daga baya, da wannan lokacin za a auna ta.

Zan bi da ku ta kan jinin wani dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, mai hawan jini da ciwon suga, wanda ɗansa ya kawo a keke napep daga Tudun Wada ana kiran La'asar. Likita ya tambaye shi, "Baba, ina ne yake ciwo?" Bai nuna da yatsa ba. Dunƙule hannu ya yi ya ɗora a tsakiyar ƙirji, ya ce kamar an aza masa buhun masara, kuma nauyin yana bi masa kafaɗar hagu har muƙamuƙi. Gumi ya jiƙe masa riga. Ɗan ya ce olsa ce, sun ma biya ta kemis an ba shi maganin gyambon ciki. Ciwon ya fara ne yana dawowa daga Azahar, wajen ƙarfe 2:15. Yanzu ƙarfe 4:05. Na rubuta dukansu biyu a saman takarda.

Ba jini ake fara ɗauka ba, ECG ake fara yi, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, kuma ƙa'ida ita ce cikin minti 10 da shigowar majiyyaci. Waya goma ake maƙala masa, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji. Idan zanen ya nuna layin da ake kira ST ya ɗaga sama, to jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe ɗungurum, kuma babu wanda zai tsaya jiran ɗakin gwaji. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna idan babu abin da ya hana, a shiga shirin narkar da gudan jinin ko a tura shi inda za a buɗe jijiyar. Jiran sakamakon turofonin, gwajin jinin da ke nuna raunin zuciya, a wannan halin asarar naman zuciya ce, kuma naman zuciya idan ya mutu ba ya sake tsirowa, tabo yake zama. Na Baba bai ɗaga ba. Ɗan lotsawa ya yi ƙasa a wayoyin gefen hagu, abin da ke sa zargi amma ba ya yanke hukunci. A irin wannan wurin ne aikinmu na ɗakin gwaji yake da nauyi.

Shi turofonin wani ƙaramin furotin ne da ke zaune a jikin zaren tsoka, yana aikin maƙulli. Kashi uku ne a haɗe. Na C shi ke kama sinadarin kalshiyam, na I shi ke hana zaren tsuke kansa har sai kalshiyam ya iso, na T kuma shi ke ɗaure su duka a jikin zaren. Wani masani ɗan Japan, Setsuro Ebashi, shi ya gano shi a shekarun 1960. Amfaninsa gare mu ya zo ne daga abu ɗaya: I da T na zuciya sun bambanta da na tsokar hannu ko cinya, har ana iya ƙera gwajin da zai kama na zuciya kaɗai. C bai da wannan bambancin, shi ya sa ba a auna shi. Hugo Katus a Heidelberg ta Jamus ya samar da gwajin T a shekarun 1980, kuma a shekarar 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka mai da turofonin ma'aunin farko na mutuwar naman zuciya. Kafin nan da wani sinadarin tsoka da ake kira CK-MB ake dogara, wanda ko faɗuwa daga babur na iya ɗaga shi, tunda akwai shi a sauran tsokoki.

Muddin ƙwayar tsokar zuciya tana lafiya, turofonin yana cikinta. Idan ta ji rauni bangonta ya yage, sai ya yoyo cikin jini. Amma ba lokaci ɗaya yake fitowa ba. Ɗan kaɗan, ƙasa da kashi goma cikin ɗari, yana yawo ne a ruwan ƙwayar, shi ke fara fita. Sauran yana ɗaure a zare, sai zaren ya ruɓe a hankali yake sakinsa. Shi ya sa a gwajin da ba mai kaifi sosai ba sai bayan awa 3 zuwa 6 ake fara ganinsa, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, sannan ya daɗe bai sauka ba: I kan kai kwana 7 zuwa 10, T har mako biyu.

Ɗaukar jinin kanta tana da ƙa'idoji da ake rainawa, alhali a nan mafi yawan sakamako ke lalacewa. Na ɗaure hannun Baba da roba, na goge da sifirit na bari ya bushe, na shiga jijiyar gwiwar hannu da allura mai lamba 21. Robar kada ta wuce minti ɗaya a ɗaure. Hannun da ake ƙarin ruwa ba a ɗiba daga gare shi, don ruwan zai tsinka jinin lambar ta faɗi. Idan da sirinji aka ɗiba, a cire allurar tukuna sannan a zuba jinin a hankali ta gefen kwalba. Wanda ya tura jini da ƙarfi ta bakin allura ya farfasa jajayen ƙwayoyin da hannunsa. Kwalba mai koren murfi nake amfani da ita, mai sinadarin hefarin, saboda ba sai na jira jini ya daskare ba. Mai jan murfi sai an ba ta kusan minti 30 ta yi guda, kuma idan an riga an yi wa majiyyaci allurar tsinka jini za ta wuce haka. Amma magana ta ƙarshe tana ga takardar da ke cikin kwalin gwajin: irin kwalbar da kamfani ya ce, ita ce. Mililita uku zuwa huɗu sun isa. Ana juya kwalbar sama da ƙasa sau takwas a hankali, ba a girgiza ta kamar kwalbar maganin tari. Suna, lambar kati, da lokacin ɗiba, 4:10, duk a gefen gado ake rubuta su, ba sai an isa ɗakin gwaji ba.

A ɗakin gwaji na sa kwalbar a na'urar juya jini, na ɗora wata mai ruwa daidai nauyinta a kishiyar rami, minti 10 a juyi kusan 3,000 a minti. Idan an ɗauke wuta a tsakiya, ba a ƙirga abin da ya wuce, a jira janareto a sake daga farko. Da na ciro ta sai na ɗaga ta a haske. Ruwan jini mai kyau ruwan ɗorawa ne garau a sama, jajayen ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa. Idan ya yi kalar zoɓon da aka tsinka da ruwa, jinin ya fashe. A gwajin T wannan kan rage lambar, a wasu gwaje-gwajen I kuma yakan ƙara ta, kuma babu lissafin da zai gyara. Sai dai a koma a ba majiyyaci haƙuri a sake ɗiba. Idan kuma na hango wani siririn zare fari yana yawo a ciki, alamar jinin bai gama rabuwa ba ce. Wannan zaren kaɗai yana iya sa na'ura ta ba da lamba mai tsayi ga mutumin da zuciyarsa lafiya lau. A sake juyawa.

Gwajin da ke hannun yawancin ɗakunan gwaji a garuruwanmu iri biyu ne. Akwai kaset na roba mai kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro: a ɗiga, a jira minti 10 zuwa 15, layi ɗaya babu, layi biyu akwai, idan layin C, mai tabbatar da cewa kaset ɗin ya yi aiki, bai fito ba a jefar. Yawancinsu sai turofonin ya kai wajen nanogiram 0.5 a mililita suke nunawa, wato sai ɓarna ta yi nisa. Layi biyu a irin wannan kaset abin ɗauka da gaske ne, amma layi ɗaya ba ya wanke kowa. Ba na son ganin an sallami mai ciwon ƙirji a kan layi ɗaya, kuma ina faɗa duk inda na samu dama. Iri na biyu shi ne ƙaramar na'urar kan tebur da ke karanta haske ta fitar da lamba, ita na yi amfani da ita.

Yadda take aiki kamar mutum biyu ne su kama akuya, ɗaya a ƙaho ɗaya a ƙafa. An shafa wani sinadarin garkuwa a kan layin kaset, yana kama turofonin ta gefe ɗaya. Wani kuma yana ɗauke da ɗigon haske, yana kama shi ta ɗaya gefen. Iya yawan turofonin, iya yawan hasken da zai maƙale a layin. Kafin in fara, na duba ranar ƙarewar kwalin, na tabbatar lambar da ke jikin kaset ta yi daidai da ta ɗan maɓallin da ake zura wa na'urar, domin kowane rukuni da ma'auninsa yake zuwa. Abin da aka ciro daga firji a bar shi ya sha iskar ɗaki tukuna. Ledar kaset ba a yaga ta sai za a yi aiki. Na auna ruwan jinin da bututun awo daidai yadda takarda ta ce, na gauraya da ruwan haɗi, na ɗiga, na saita minti 15.

Yanayin garin nan yana da hannu a sakamako. Kaset ɗin nan ana so ya zauna ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafi yana kusantar 40, ɗakin ajiya mai rufin kwano ya ma fi waje. Kwalin da ya yi bazara a irin wannan ɗaki yana iya nuna babu alhali akwai, ba tare da wata alama a jikinsa ba. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga idon na'ura. Maganin duka biyun ɗaya ne: a riƙa gwada ruwan tabbatarwa na kamfani, mai ƙarami da mai yawa, duk lokacin da aka buɗe sabon kwali, a rufe na'ura idan ba a aiki.

Sakamakon 4:10 ya fito ƙasa da 0.1, wato ƙasa da abin da na'urar ke iya gani. Ɗan Baba ya leƙa takardar ya yi hamdala, ya ce, "Likita, tunda babu komai bari mu tafi, gobe ma dawo." Likitan ya zaunar da shi. Ya ce masa awa biyu kacal da fara ciwo, jinin bai isa ya nuna ba ko da zuciyar ta ji rauni, kamar ruwan da aka yi a Samaru ne, ba nan take kogin Kubanni ke kawowa ba. Ɗan ya yi shiru, sannan ya tambayi abin da kowa ke tambaya: sake biya za a yi? E, za a sake. Wannan shi ne wuri mafi wuya a duk aikin, ya fi kowace na'ura wuya. Gwajin ba arha ba ne, iyali sun riga sun kashe a kemis da mota da kati. Shawarata ga likitoci ita ce a faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa gwajin nan biyu ne. Idan kuma kuɗin guda ɗaya tak suke da shi, a fara magani bisa alamu da ECG, a adana gwajin zuwa awa 6 da fara ciwo, inda zai yi magana.

A inda ake da manyan na'urori masu kaifi, jiran ya ragu sosai. Su suna ganin turofonin ko a jinin mai lafiya, a nanogiram cikin lita suke ƙirgawa. Iyakar da ake sa wa kowane gwaji tana fitowa ne daga masu lafiya: a jera mutum ɗari daga mai ƙarami zuwa mai yawa, lambar na 99 ita ce iyaka. A gwajin T na kamfanin Roche 14 ce. A gwajin I na Abbott, 16 ga mata, 34 ga maza. Da gwajin Roche, tsarin likitocin zuciya na Turai ya yarda a ɗibi jini biyu awa ɗaya tsakani: idan na farko bai kai 12 ba kuma canjin bai kai 3 ba, da wuya ciwon ya zama toshewar jijiya, idan na farko ya kai 52 ko canjin ya kai 5, a kwantar. Waɗannan lambobi na wannan na'urar ne kaɗai. Ɗora su a kan ƙaramar na'urar tebur ganganci ne. Kuma a lura da ma'auni: 14 a lita ita ce 0.014 a mililita, bambancin ninki dubu ne. Takardu suna zuwa mana daga Kaduna da Kano da Abuja, kowacce da ma'auninta, wanda ya karanta lamba bai karanta abin da ke gefenta ba zai iya firgita mai lafiya ko ya sallami mai ciwo. Haka ma sakamakon I ba a gwama shi da na T, na wani kamfani ba a gwama shi da na wani. Jini na biyu a na'urar da ta auna na farko ake yin sa.

An maimaita wa Baba ECG sau biyu a tsakani. Ƙarfe 8:30, bayan Isha, awa shida da ɗoriya da fara ciwo, na ɗibi na biyu. Ya fito 2.4, iyakar na'urar kuwa 0.3 ce. Irin wannan ba a barinsa a tire ana jiran mai zuwa karɓa. Na kira likita a waya na karanta masa suna, lokaci, lamba da ma'auni, ya maimaita mini, na rubuta ƙarfe nawa na faɗa. Da asuba ya kai 11. Ma'anar mutuwar naman zuciya da aka amince da ita a duniya a 2018 ta cika ke nan: lamba ta hau ko ta sauka, aƙalla guda ta wuce iyaka, ga kuma shaidar cewa jini ne bai isa naman zuciya ba, wato irin ciwon da ya kwatanta da abin da ECG ya nuna.

Sharaɗin nan na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Turofonin yana faɗa maka cewa naman zuciya ya ji rauni, amma ba ya faɗin wanda ya ji masa. A gadajen asibitocinmu, da yawa daga masu lamba sama da iyaka jijiyarsu ba ta toshe ba. Akwai wanda hawan jini na shekaru ya kumbura wa zuciya har ta gaza. Akwai mai ciwon ƙoda, wanda lambarsa kan zauna sama kullum, musamman T, shi ya sa nake so in ga kiriyatinin, wato gwajin aikin ƙoda, a gefen kowane turofonin. Akwai wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa, da wanda gudan jini ya toshe wa jijiyar huhu, da mai kumburin naman zuciya bayan mura mai zafi, da wanda bugun zuciyarsa ya rikice yana gudu, da mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, da wanda sitiyari ya buge a ƙirji. Sai kuma mai jego. Zariya ta yi suna a littattafan likitanci a kan gazawar zuciya bayan haihuwa tun binciken Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, inda suka yi magana a kan wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa da kunun kanwa. Mai jego da ta zo da haki da kumburin ƙafa tana iya nuna turofonin sama kaɗan. Hoton zuciya take buƙata da maganin gazawar zuciya. Idan aka ɗauke ta a matsayin mai toshewar jijiya aka loda mata magungunan tsinka jini, alhali ba ta daɗe da haihuwa ba, zubar jini ake jawo mata.

Abin da ke raba waɗannan shi ne tafiyar lambar. Raunin da ya daɗe yakan tsaya wuri ɗaya, yau 0.5, bayan awa shida 0.5. Sabon rauni motsi yake yi. Idan na farko ya riga ya wuce iyaka, canjin da ya haura kashi 20 cikin ɗari shi ake ɗauka da muhimmanci.

Wani lokaci kuma lambar ce ke ƙarya. Idan sakamako ya yi tsayi, majiyyaci kuwa yana zaune yana hira, ECG fes, lambar ba ta hawa ba ta sauka kwana da kwanaki, ina zargin jininsa na ɗauke da wani sinadarin garkuwa da ke haɗa hannun mutum biyun nan ba tare da akuya a tsakani ba. Ana samun haka a masu ciwon gaɓoɓi na rikicewar garkuwar jiki, da wasu masu yawan cuɗanya da dabbobi. Matakan da nake bi: in sake juya jinin in maimaita, in tsinka shi rabi in ga ko lambar za ta rabu biyu kamar yadda ya kamata, sannan in aika wani wuri mai na'urar wani kamfani. Akasin haka ma yana faruwa: ƙwayar bayotin da ake sha don gashi da farce, idan da yawa ake sha, tana rage lambar a wasu na'urori, don haka a tambayi mai ciwo abin da yake sha wanda bai ɗauke shi magani ba.

Da aka shirya tura Baba wurin likitocin zuciya a asibitin koyarwa da ke Shika, na rubuta masa sakamakon uku a takarda ɗaya, kowanne da rana da ƙarfe da ma'auni da sunan na'ura, da lokacin fara ciwo a sama. Na ce wa ɗan ya ɗauki hotonta a waya kada ta ɓace. Dalili shi ne jinin Baba zai ci gaba da nuna turofonin har kwana goma ko kusa da haka. Idan ciwon ya dawo masa a kwana na huɗu, duk wanda ya auna zai ga lamba sama da iyaka, kuma wannan kaɗai ba zai nuna ko sabon rauni ne ko sauran na farko ba. Sai an ɗibi jini a lokacin, a sake ɗiba bayan awa 3 zuwa 6, a ga ko ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, a kuma ajiye sabon ECG kusa da na ranar farko a kwatanta.